Yadda ake zaɓar bodin babur ɗin ruwa na tsaye don wasan alkafura

Babur ɗin ruwa na tsaye, wato wanda ba shi da kujera, mahayi na tsaye a ɗan dandamali yana riƙe da sanda mai ɗagawa da sauka, ya shigo kasuwa a 1973, lokacin da kamfanin Kawasaki ya fito da Jet Ski bisa ƙirar Clayton Jacobson II. Tun daga nan mahaya suka rabu gida biyu, masu tsere da masu wasa. Wannan bayani na masu wasa ne, masu son su ɗaga babur sama su yi alkafura ta baya, ko su mirgina shi ta gefe, ko su cusa hancinsa cikin ruwa su ɓulla a gaba. A wannan harka inji ake yawan yi wa surutu, amma bodi ne ke yanke hukuncin abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba. Inji kana iya buɗe shi ka ƙara masa ƙarfi gobe. Siffar bodi kuwa, yadda ka saye ta haka za ka zauna da ita.

Mataki na farko: tantance ruwan da za ka riƙa hawa

Kafin ka kalli hoton kowane babur, zauna ka amsa tambaya ɗaya: a wane ruwa zan fi hawa? Ina nufin ruwan da kake iya kaiwa duk mako. Wanda kake burin zuwa sau ɗaya a shekara ba ya cikin lissafi.

Wasan iri biyu ne, har gasanninsu ma daban. Akwai na kwantaccen ruwa, a tafki ko madatsa ko kogi mai sanyin gudu, irin wanda ake yi a gasar duniya ta IJSBA, ƙungiyar wasannin babur ɗin ruwa, a Lake Havasu da ke jihar Arizona ta Amurka kowace kaka, da kuma a gasar Aquabike ta UIM, hukumar tseren jiragen ruwa masu inji ta duniya. A nan babu igiyar ruwan da za ta jefa ka sama. Kai za ka haifar da ita: ka danne wutsiyar babur ka yi tafiya a hankali don ka haƙa ruwa, ka juyo da sauri, ka tarbi igiyar da ka tayar, sannan ka buɗe totur gaba ɗaya. Duk tsayin da za ka samu daga inji da rashin nauyi yake fitowa. Sai kuma wasan bakin teku, inda igiya ce ke ba ka tudu, irin wanda ake taruwa a yi a Daytona ta jihar Florida ko a Montalivet ta Faransa. A can aikin bodi ya canza. Dole ya hau fuskar igiya ba tare da ya binne hanci ba, ya riƙe ruwa a cikin kumfa, ya kuma jure faɗowa daga sama sau ɗaruruwa.

Bodin da ya ƙware a ɗaya yakan zama wahala a ɗayan. Gajeren bodin alkafura a teku yana tsalle-tsalle, famfonsa, wato abin da ke zuƙar ruwa ya fesa shi baya don tura babur, yana sakin ruwa, kuma ba shi da gudun da zai tsere wa igiyar da ke shirin rufe ka. Bodin teku a tafki kuma nauyi yake yi, sai ka ƙara inji sosai kafin ya yarda ya juya. Akwai bodin tsaka-tsaki, kuma suna da amfani, amma ka shiga da sanin cewa a kowane ɓangare ka bar wani abu.

Ka duba zurfi ma. Wasan alkafura na son ruwa mai zurfi, domin idan juyi bai cika ba, da hanci ko da ka ake saukowa.

Mataki na biyu: auna hannunka da jikinka

Idan har yanzu kana fama da miƙewa tsaye daga durƙuso, ko kwana mai kaifi na jefar da kai, gajeren bodin gasa ba zai koya maka komai ba sai iyo. Wannan bodi ba ya tafiya a miƙe sai ka tilasta shi, kuma ba ya yafe kuskuren ƙafa. Wanda ya iya ɗaga hanci ya tsaya a kan wutsiya, ya iya nutso da fitowa, ya iya tsallake igiyar jirgi ya sauka daidai, shi ne ya kai lokacin tunanin gajarta bodi.

Nauyin jiki ma na cikin lissafi. Ƙaramin bodi ƙaramin girma gare shi, saboda haka kaɗan yake ɗauka. Mai jiki idan ya hau, wutsiya na nutsewa, tashi daga ruwa ya zama aiki, injin da ke jefa siriri sama kuma ya kasa. Dogon mutum kuwa yana bukatar dandamali mai tsawo da sanda daidai da shi, in ba haka ba a sunkuye zai yi ta hawa har baya ya gaji.

Mataki na uku: san gidajen bodi

Gida na farko shi ne bodin manyan kamfanoni, kuma a nan zan daɗe, domin yawancin masu farawa nan ya kamata su tsaya.

Tsofaffin Kawasaki, JS440 na 1977 da JS550 na 1982, ƙanana ne, sirara, JS550 bai wuce kilo 114 ba babu mai. Suna da daɗin wasan gargajiya: nutso, feshin ruwa sama, hawa kan bonet, juyi a wuri ɗaya. Sai dai ƙaramin famfo da ƙaramin inji sun sa alkafura a kwantaccen ruwa ta fi ƙarfinsu. 650SX na 1987 da 750SX na 1992 sun fi su faɗi da natsuwa. SX-R 800 da ya zo a 2003 bodin tsere ne, yana kwanciya a kwana kamar an ɗaure shi, kuma wannan riƙon da nauyinsa su ne ke hana shi saurin juyawa a sama. SX-R na 2017 mai inji 1,498cc mai bugu huɗu ya kai kilo 250 kuma ya haura mita biyu da rabi. Babur ne mai kyau don gudu. Don alkafura, ka wuce shi.

Yamaha SuperJet ne ya zama ginshiƙin wasan. Ya fito a 1990 da inji 650, aka mayar da shi 701 a 1994. Na 1990 zuwa 1995 ana ce masa mai faffaɗan hanci, daga 1996 kuma aka canza saman ya koma mai zagayen hanci, da kafireta biyu, tsawonsa mita 2.24, nauyinsa kimanin kilo 132. A 2008 aka sake ƙasan: gaba ya ƙara faɗi, famfo ya matsa baya, babur ya ƙara riƙo a kwana. Masu tsere da masu teku sun ji daɗin wannan canji, amma ga mai son wutsiya ta zame masa da sauƙi, ƙasan 1996 zuwa 2007 ya fi sakin jiki. A 2021 SuperJet ya koma inji mai bugu huɗu, silinda uku, 1,049cc, nauyi ya tashi zuwa kilo 170, ya zama wani babur dabam. Akwai kuma FX-1 na 1994 da 1995, siriri mara nauyi, mai famfo milimita 122, amma kaɗan aka ƙera, kayansa sai an sha nema.

A ra'ayina, mai zagayen hanci shi ne makarantar da ta fi kowacce. Dalili bai tsaya ga yadda yake tafiya ba. Yawancin bodin da ƙananan maƙera ke yi an tsara su ne don su karɓi injin SuperJet, da shaf ɗinsa, da famfonsa na milimita 144. Idan ka gina SuperJet a hankali, ranar da ka shirya sai ka kwashe kayan cikinsa ka zuba a sabon bodi, ba ka yi asarar komai ba.

Gida na biyu bodin teku ne na ƙananan maƙera. Rickter, wanda Rick Roy ɗan Kanada ya kafa, da Krash Industries na Ostireliya suna cikin sanannu. Irin wannan bodi ya ɗan gaza SuperJet tsawo, hancinsa a ɗage, gabansa da kumatu masu faɗi, jikinsa kuma an yi masa kauri don ya sha duka.

Gida na uku bodin alkafurar kwantaccen ruwa ne, irin na Bun Freestyle na Japan ko XScream na Amurka, da kuma wasu ƙirar Rickter da Krash. Gajere ne ƙwarai, mai faɗi, mara nauyi, tankinsa ƙarami, an cire masa duk abin da ba ya taimakon juyi. Abu ɗaya aka yi shi domin sa, kuma yana yin sa da ban mamaki. Yawo a tafki da shi kuwa gajiya ce.

Mataki na huɗu: kifa bodin ka karanta ƙasansa

Fenti da zane a sama suke, amma halin babur a ƙasa yake. Ka sa a kifa maka shi a kan tayoyi ko katifa, ka zo da awo da doguwar sanda miƙaƙƙiya.

Fara da tsawo, musamman daga famfo zuwa ƙarshen wutsiya. Abu gajere ya fi saurin juyawa a kan tsakiyarsa, domin nauyinsa na kusa da wurin juyin. Shi ya sa santimita biyar ko goma da aka yanke a wutsiya ke canza babur fiye da yadda ido zai zata: hanci na tashi da ɗan taɓa totur, alkafura na cika da wuri. Kuɗin da za ka biya shi ne tsalle-tsallen hanci a miƙaƙƙiyar tafiya, sama da ƙasa, sama da ƙasa, har sai ka jefa nauyinka gaba.

Sai lanƙwasa. Ɗora sandar nan a tsakiyar ƙasan daga famfo zuwa gaba, ka ga inda bodi ya fara rabuwa da ita, da yawan tazarar da ke tsakaninsu a bakin hanci. Bodi mai lanƙwasa sosai, kamar jinjirin wata a kwance, idan ya faɗo da hanci yana ɓullowa da kansa maimakon ya nutse ya jefar da kai ta saman sanda. A teku wannan ne bambancin komawa cikin igiya lafiya da shan ƙasa. A tafki ma yana taimakon sauka bayan alkafurar da ba ta gama cika ba. Amma lanƙwasa na rage yawan bodin da ke taɓa ruwa, don haka gudu na raguwa, natsuwa ma haka. Ka lura da inda lanƙwasar ta fara. Wadda ta fara can kusa da hanci tana barin babur da tafiya irin ta SuperJet. Wadda ta fara tun daga ƙarƙashin inji tana mayar da shi mai rawar kai.

Faɗi na da fuska biyu. Faɗin gaba, wato kumatun nan, yana ɗaga hanci kuma yana ba ka abin jingina a kwana. Masu tsohon SuperJet sukan sayi kumatun daban su ɗaura da noti, kuma gyara ne mai araha da ke canza babur sosai. Faɗin baya kuwa shi ke ba ka natsuwa a tafiyar sannu lokacin da kake haƙa igiya, ya kuma taimaka wajen tayar da babbar igiya. Sai dai bodi mai faɗi yana ƙin mirginawa ta gefe. Wanda burinsa juyin gefe ne ya kula kada faɗin ya yi yawa.

Yanzu shafa gefunan ƙasa da tafin hannu, inda ƙasa ta haɗu da bango. Gefe mai kaifi yana cizon ruwa, yana ba da kwana mai tsabta, amma idan ka sauko a karkace yana kamawa nan take ya watsar da kai. Gefe mai santsi, wanda aka zagaye, yana barin babur ya zame ya daidaita kansa. Zara-zaran layukan da ke bin tsawon ƙasan su ma haka: masu zurfi na riƙe babur a layi, marasa zurfi na sakin wutsiya. Mai wasa a kwantaccen ruwa ya fi bukatar saki, mai teku yana bukatar ɗan cizo don ya yanka fuskar igiya.

Abubuwa biyu a ƙasan ana kwance su a canza, don haka kada su sa ka ƙi bodi mai kyau. Ɗaya farantin da ke rufe ƙasan famfo: dogo yana kwantar da hanci, gajere yana sakinsa. Ɗayan ragar mashigar ruwa: mai cokali tana ɗibar ruwa tana cusa wa famfo, tana hana shi shaƙar iska a cikin kumfa. Da yawa daga abin da ake ɗora wa bodi laifinsa, sauya faranti kawai yake so.

Mataki na biyar: hau dandamalin da takalmin hawanka

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, alhali ƙafa ce ke riƙe ka da babur idan ya kife a sama. Ka je da takalmin da kake hawa da shi, ka sa a ajiye bodin a ƙasa, ka hau.

Cusa ƙafa cikin ramukan da ke bangon dandamali ta baya. Ramin kirki yana rufe saman ƙafa har kusa da idon sawu, yana riƙewa idan ka ɗaga yatsu, yana kuma saki nan take idan ka murɗa dunduniya. Wanda ya yi sako-sako zai sake ka a tsakiyar juyi. Wanda ya matse ya fi haɗari, domin ƙafa ɗaya na iya maƙalewa lokacin da jiki ya riga ya tafi, gwiwa ko idon sawu ne ke biya. Bodi da yawa na yanzu suna da ramuka masu matsawa gaba da baya, kuma wannan abu ne da ya cancanci ƙarin kuɗi, domin matsayin ƙafa yana canza saurin juyi kusan kamar yadda tsawon bodi ke yi. Ƙafa a can baya tana sa hanci tashi da wuri. Mai teku yana kuma bukatar maƙalar ƙafar gaba, rami ko maɗauri, saboda tsayuwarsa ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ce. SuperJet na kamfani ba ya zuwa da ko ɗaya, sai an yanka bango an dasa, kuma ingancin wannan dashe shi ne abu na farko da za ka duba a na hannu.

Riƙe sandar ka sauke ta ƙasa. Masu wasa sukan gajarta ta don kan babur ya matsa gaba, jiki ya samu wurin ja da baya. Ka duba inda gindinta ya zauna a kan bodi, domin duk ƙarfin saukarka nan yake taruwa, kuma nan ne tsofaffin bodi ke fara tsagewa. Bonet ya zama ƙasa-ƙasa don sanda ta kwanta sosai, robar bakinsa ta rufe ruf, hanyar iskarsa kuma ta zama mai lanƙwasa yadda ruwa ba zai zubo kai tsaye kan kafireta ba idan babur ya kife. A wutsiya ka nemi ƙofar zubar da ruwa mai buɗewa waje kaɗai, da famfon kwashe ruwa na lantarki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma lita goma da ke kai da komo a ɗakin inji sun isa su lalata duk rashin nauyin da ka biya kuɗi a kansa.

Mataki na shida: haɗa bodi da injin da kake iya riƙewa

Bodi da inji aure ne. Gajeren bodin gasa da injin 701 wanda ba a taɓa ba zai ba ka wahalar gajeren bodi ba tare da ladarsa ba. Alkafura a kwantaccen ruwa na bukatar ƙarfi nan take daga ƙasa, shi ya sa ake faɗaɗa silinda zuwa 800, 900, har 1,000cc da sama, a sa salansar da aka tsara don bugun farko, a rage nauyin fulawil, a ƙara girman famfo zuwa milimita 148 ko 155, a kuma sa liba a hannu mai ɗaga bakin bututun ruwa sama a daidai lokacin tashi. Irin wannan inji yana son mai mai inganci, yana son buɗewa akai-akai, kuma ba ya daɗewa kamar na kamfani. A teku lamarin ya fi sauƙi, 701 ko 760 mai salansa mai kyau ya isa juyi, tunda igiya ce ke yin rabin aikin, kuma injin da ba ya mutuwa a tsakiyar kumfa ya fi mai ƙarfin doki da yawa daraja.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin bodi, tambayi maƙerin dalla-dalla: wane inji ke zama a mazauninsa, wane girman famfo ramin ke ɗauka, tankin SuperJet da akwatin salansarsa na shiga ko sai nasu na musamman, salansa ta wane gefe take fita. Rubuta duk abin da sai ka saya sabo. Sau da yawa jerin ƙananan kayan nan yakan kusa kamo kuɗin bodin kansa. Idan kana da niyyar shiga gasa, karanta dokar ajin da kake so tun yanzu, domin ana raba aji da girman inji.

Mataki na bakwai: faiba ko kabon

Bodin faiba ya fi nauyi, yana ɗan lanƙwasawa idan ya sha duka, kuma duk mai gyaran jirgin ruwa zai iya ɗinke shi. Kabon ya fi shi rashin nauyi da tauri, wanda ke sa babur amsa nan take, amma idan ya kai iyakarsa tsagewa yake yi, gyaransa kuma sai gwani. Kabon yana ɗaukar lantarki, don haka wayar da ta goge a jikinsa matsala ce, kuma a ruwan gishiri yana cinye alminiyon da ke manne da shi idan ba a raba su da wani abu ba. Ga mai koyo, da mai teku, faiba mai kauri na fi ba da shawara. Kabon na wanda ya riga ya iya juyi ɗaya yana neman na biyu a jere.

Ƙasan tsofaffin SuperJet da wani irin faiba da ake matsawa a inji aka yi shi, ana kiransa SMC. Gam ɗin foliyesta ba ya kama shi da kyau, ifoksi yake so. Idan ka ga gyaran da ke ɓarewa a gefe kamar ɓawo, yawanci wannan ne dalili.

Mataki na takwas: takardu

Tabbatar bodin na da lambar shaida da za a iya yi wa rajista a inda kake, domin wasu na gasa kawai ake sayar da su. Wasu ruwaye kuma sun hana inji mai bugu biyu mai kafireta, kamar tafkin Tahoe a Amurka tun 1999. Bincika dokar ruwanka kafin sayayya.

Mataki na tara: idan na hannu ne

Ɗora shi a sikeli ka kwatanta da nauyin da ya kamata. Ƙarƙashin dandamali cike yake da soso mai hana nutsewa, kuma a tsofaffin bodi, musamman waɗanda aka yanka don dasa ramukan ƙafa, soson na shan ruwa ya riƙe. Ɗaga wutsiya da hannu, in ka ji ta yi nauyi fiye da kima, ko ka ga ruwa na ɗiga daga ramin noti bayan babur ya kwana a bushe, to aikin yanka dandamali da sake soso na jiranka.

Ɗauki tsabar ƙarfe ka bi ƙasan da bangon ɗakin inji kana ƙwanƙwasawa. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, inda faiba ta rabu kuma sai ka ji ƙarar ta mutu. Haska tocila a layin da sama da ƙasa suka haɗu, a gindin sanda, a kewayen mazaunin inji, da bangon da shaf ke ratsawa. Gwada kowane noti na mazaunin inji da na famfo, wanda ke juyawa ba ya ɗaurewa alama ce mazauninsa ya saki a cikin faiba. Juya shaf da hannu bayan ka cire fulogi, ya tafi sumul ba tare da wurin da yake cijewa ba, in ba haka ba inji da famfo ba sa kan layi ɗaya, kuma boris zai yi ta mutuwa. Sabon taburmin roba a dandamali da sabon fenti a ƙasa suna da kyau, amma ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsu.

Mataki na goma: gwaji a ruwa

Gani ya kori ji. Kada ka sayi salon bodin da ba ka taɓa hawa ba idan akwai hanyar hawansa. Masu wannan wasa sukan ba da aron babur a wurin taruwarsu ga wanda ya tambaya da ladabi kuma ya zo da kayan kariyarsa: hular kwano, rigar hana nutsewa, takalmi, da igiyar kashe inji a wuyan hannu. Kada ka fita kai kaɗai.

Bi gwajin a jere, kuma kada ka fara da tsalle. Hau daga ruwa mai zurfi ka ga ko kana iya miƙewa ba tare da wutsiya ta nutse ba. Yi tafiyar sannu a tsaye, ƙafafu biyu a ramuka, domin a wannan gudun ake shirya kowane wasa, kuma bodin da ke jefar da kai a nan zai cinye ƙarfinka kafin ka kai ga igiya. Buɗe totur zuwa rabi a miƙe ka ji tsalle-tsallen hanci, ka gwada ko matsar da jiki gaba na kwantar da shi. Yi kwana hagu da dama, da kaifi da kuma a zame. Sannan ka tayar da igiyarka ka tarbe ta da rabin ƙarfi, ba tare da ka ja liba ba, ka lura da abu biyu: shin famfo ya riƙe ruwa har bakin igiyar, kuma shin da ka sauko hanci ya ɓullo da kansa. Daga ƙarshe kifar da babur da gangan, ka mayar da shi ta gefen da maƙerin ya nuna, ka tayar da inji, ka fito bakin ruwa ka buɗe bonet ka ga yawan ruwan da ya shiga.

Ka ba kowane bodi aƙalla tanki guda, domin mintunan farko a kan gajeren bodi kowa na jin kamar bai taɓa hawa ba. Idan tanki ya ƙare kana nan kana kokawa da tafiyar sannu, koma wanda ya fi shi tsawo da mataki ɗaya, ko ka nemi a sa masa dogon faranti a matsar da ramukan ƙafa gaba, ka sake gwadawa a ruwan da za ka riƙa hawa.